Amsa ga Yaya kan Baturen nan mai ganga

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, murya zan yi, maganar ta fi ƙarfin rubutu. Yaya, na ga bidiyon da ka turo tun la'asar, ka ce wane ne wannan Baturen da ke dukan ganga kamar zai fasa ta, kuma wane irin kiɗa ne. To ni na san ba sunansa ne ya dame ka ba. Yaron nan naka ne da ya nace sai ya koyi ganga, kana so ka ji ko akwai abinci a cikinta tunda yanzu kwamfuta ke yin komai. Ita zan amsa maka.

Sunansa Martin Atkins, ɗan Ingila, an haife shi a Coventry a 1959. Ya taso daidai lokacin da kiɗan punk ya ɓarke a Landan, wajajen 1976 da 1977. Punk ɗin nan yara ne masu jin haushin komai, ba aiki, ba kuɗi, suka ɗauki jita ba tare da sun ƙware ba, waƙa minti biyu, gudu kamar ana kora. Sex Pistols ne suka fi suna, sun watse a farkon 1978, sai mawaƙinsu John Lydon ya kafa Public Image Ltd. Wannan ƙungiya ta yi ta canja masu ganga, wannan ya shigo wannan ya fita, har Atkins ya zo a 1980... a'a, 1979 ne, yana da shekara 20. Ya fita, ya dawo, sai a 1985 ya bar su gaba ɗaya.

Ka lura da wannan shiga da fitar, don nan maganar take. Mai ganga shi ne na baya a dandamali, na baya a hoto, kuma shi ake fara sallama. Ba a Turai kaɗai ba. Duk wanda ke zauren nan ya san Shata, amma mutum nawa ne zai lissafo mini masu kalangunsa? Ni kaina shekara huɗu na yi ina buga wa wani mawaƙi a wuraren biki, ba zan kama suna ba. Ni ke ɗora kaya a mota, ni ke saukewa, ni ke ɗaure fata idan ta saki. Akwai wani salo da na ƙirƙira da hannuna, da zarar na shiga shi mata sai su miƙe. Ranar da zai shiga situdiyo bai ko kira ni ba. Ya je ya rera wa mai fiyano salon da baki, aka dasa shi a kwamfuta, waƙa ta fita, ana ta sa ta a gidajen rediyo. Ba sunana, ba sisi. Da na yi magana sai ya ce ai kiɗa ba shi da mai shi. Wallahi har yau in na ji ta a cikin Adaidaita sai raina ya ɓaci. Kuma ba kuɗin ba ne, da ya ce mini zo ka zauna ka ga yadda ake yi, da... to, a bar wannan.

Abin da ya sa nake girmama Atkins shi ne ya shiga kiɗan da na'ura ce sarauniya a cikinsa, kuma bai ɓace ba. Wanda ake kira industrial, wato kiɗa mai ƙarar masana'anta. Sunan ya samo asali ne daga wani kamfanin faifai da 'yan Throbbing Gristle suka kafa a Ingila a 1976. A Berlin ma akwai masu dukan tarkacen ƙarfe da injin huda bango a kan dandamali. Da abin ya isa Chicago, Al Jourgensen da ƙungiyarsa Ministry suka haɗa shi da jita mai nauyi, na'ura na buga kiɗa babu gajiya babu kuskure. Kowa zai ce to mai ganga ya tashi aiki. Amma a rangadin da suka yi daga ƙarshen 1989 zuwa 1990, masu ganga biyu suka ɗora, Atkins da Bill Rieflin, ga ragar ƙarfe an kafa tsakaninsu da 'yan kallo. Me ya sa? Na'ura tana riƙe lokaci, amma ba ta gumi, ba ta ƙara ƙarfi idan taro ya ɗauki zafi. Mutum ke yin wannan. Sai dai dole ya iya tafiya da ita kafaɗa da kafaɗa, ƙas-ƙas ɗin nan da na'ura ke yi don riƙe lokaci na bugawa a kunnensa, in ya zame da ƙiftawar ido kowa zai ji. Wannan ya fi bugun biki wuya nesa ba kusa ba, na gwada.

A lokacin kuma Atkins yana buga wa ƙungiyar Killing Joke, daga baya ya sa hannu a wani aikin ƙungiyar Nine Inch Nails na 1992. Amma ba wannan ne ya tsayar da shi da ƙafafunsa ba. Tun 1988 ya kafa kamfaninsa na faifai, Invisible Records. A 1990 shi da Rieflin suka kafa Pigface, ƙungiyar da ba ta da tsayayyun mutane, kowa ya zo ya yi nasa ya tafi. Ka gani, mai ganga ne ke kiran mawaƙa, ba su ke kiransa ba. Ya san kuɗin mota, kuɗin masauki, ribar riguna da ake sayarwa a bakin ƙofa. A 2007 ya fitar da littafi guda a kan yadda ake rangadi ba a karye ba, ya koyar da harkar kasuwancin kiɗa a jami'a, a 2021 ya buɗe gidan adana kayan tarihin wannan kiɗa a Chicago.

Shi kuwa Rieflin, ɗan Seattle, wata hanya ya bi. Ya buga wa ƙungiyar R.E.M. daga 2003 har suka watse a 2011, shekara takwas, amma ba a taɓa lissafa shi cikakken ɗan ƙungiya ba. Ka ji irin abin da nake faɗa. Sai a ƙungiyar King Crimson, daga 2013, aka jera masu ganga uku a gaban dandamali, sauran suna baya, yana cikinsu. Daga baya ma fiyano ya koma bugawa a can, don ba ganga kaɗai ya iya ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Maris 2020, yana da shekara 59.

Ba na ce ka tura yaro ya kwaikwayi rayuwarsu ba, Yaya, kar a juya mini magana. Harkar nan tasu cike take da giya da ƙwaya, shi Jourgensen da bakinsa ya faɗi shekarun da ya yi yana fama da shaye-shaye. Ga lalacewar kunne, ga ciwon baya da wuyan hannu. Kuma kiɗan nasu ba na kasuwarmu ba ne, ba wanda zai gayyace shi kamu ko wuni da wannan ƙarar.

Abin da nake so, kar ya bar makaranta, wannan babu ciniki. Ya koyi ganga da gaske, ya kuma zauna kusa da mai kwamfuta har ya iya dasa kiɗa da kansa. Duk aikin da zai sa hannu, a yi maganar suna da kuɗi kafin ya ɗaga sanda. Ka turo mini shi ranar Asabar bayan azahar, ina da ganguna a shago, zan sa masa ƙas-ƙas ɗin a kunne in ga ko zai riƙe minti uku bai zame ba. Ya taho da audugar toshe kunne.