Tambaya da Amsa: Gonar da ake kiwo a cikin kwamfuta

Tambaya: Malam, ni ɗalibin ilimin dabbobi ne. Na ji malamanmu suna cewa a Ostireliya masu bincike sukan gina gona sukutum a kwamfuta, su yi kiwo a ciki kafin su taɓa dabba ko ɗaya. Yaya ake yin haka, kuma zai amfane mu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗana, abin da ka ji gaskiya ne. Manhaja ce ta lissafi wadda ake ba ta bayanan ruwan sama da zafin rana na kowace rana, da irin ƙasar gonar da yawan ruwan da take riƙewa, da irin ciyawar da ke wurin, da adadin dabbobi da nauyinsu. Daga nan sai ta lissafa yawan ciyawar da za ta tsiro, da abin da garke zai ci, da ƙibar da zai yi ko ramar da zai yi, har ta kai ga kuɗin da zai shiga aljihun mai gona. Hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Ostireliya, CSIRO, ta fitar da irin wannan manhaja mai suna GrassGro a 1997 domin masu tumaki da shanu na kudancin Ostireliya, sannan akwai APSIM da aka fara ginawa a jihar Kwinsland a farkon shekarun 1990, wadda ta fi ƙarfi a ɓangaren amfanin gona.

Babban amfaninta, a ganina, shi ne tana ba mai bincike shekarun da ba shi da su. Gwajin kiwo a fili yana cin kuɗi da ƙasa, kuma da wuya ya wuce shekara uku ko huɗu; idan aka yi dace duk shekarun damina ta yi kyau, sai a ba makiyayi shawarar ƙara dabbobi, alhali fari na farko zai karya shi. Manhajar kuwa tana iya maimaita shawara ɗaya a kan bayanan yanayi na shekara arba'in ko fiye, ta nuna sau nawa ciyawa za ta ƙare kafin faɗuwar ruwa, da yawan abincin da za a saya a irin waɗannan shekaru.

Game da mu, sai a yi hattara. Masu bincike na ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwan sama, sun yi amfani da APSIM a kan gero a Nijar, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Sai dai GrassGro an gina ta ne a kan gona mai shinge da mai ita ɗaya, ga ciyawar ƙasar sanyi. Shanunmu kuwa suna bin burtali, su ci karan dawa a gonar wani bayan girbi su bar masa taki, da rani kuma a dogara ga harawar wake da ta gyaɗa da dusa. Manhajar da ba ta san wannan musayar ba, lissafinta zai kauce tun daga tushe.

Idan kana son shiga fannin, ka fara da awo. A lissafin da aka saba, saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kimanin kilo 6.25 a rana. Ka yanki gamba daga murabba'in mita ɗaya duk wata, ka shanya ka auna, ka rubuta tare da ruwan da aka samu, sannan ka nemi masana na cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika, kusa da kai, su duba maka yadda kake awon.