Hukuncin Yi wa Mota Rajista da Sunan Kamfanin Waje Don Kauce wa Dokar Jamus

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata takwas a birnin Hambug na ƙasar Jamus. Na sayi mota na yi mata gyare-gyare: na sauke ta ƙasa, na canja salansa, an taɓa kwamfutar injin don ƙarin gudu, an kuma cire matatar hayaƙi. Masu duba motoci na TÜV sun ƙi amincewa da ita. Wani dillali ya ce zai buɗe mini kamfani a Bulgeriya a yi wa motar rajista da sunansa, in riƙa hawa da lambar can. Kamfanin ba zai yi wata sana'a ba, motar ce kaɗai. Abokina ya ce ba laifi, tunda ƙasar ba ta Musulmi ba ce, dokarsu ba ta hau kanmu ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ba dillali kuɗinka. Ƙawata abin hawa halal ne, buɗe kamfani a wata ƙasa ma halal ne, babu saɓani a nan.

Abin da ya juya hukuncin da bakinka ka faɗe shi: kamfanin ba zai yi sana'a ba. Da a ce kamfani ne na gaskiya, mai ofis da ma'aikata, motar kuma can take aiki, sai jefi-jefi ta shigo Jamus, da amsata ta bambanta. Amma taka a ƙofar gidanka za ta kwana kullum, kai za ka tashe ta da asuba, takarda kuwa tana cewa dukiyar wani kamfani ce a Sofiya, babban birnin Bulgeriya. Wannan ƙarya ce da aka sa wa hatimi, kuma haramun ne. Dokar Jamus a fili take: motar da mazauninta na yau da kullum yake cikin ƙasar, a nan ake yi mata rajista, a nan ake biyan harajinta, kuma tun 2014 hukumar kwastan ce ke karɓar wannan haraji. Ka san labarin waɗanda aka haramta wa kitse suka narkar da shi suka sayar suka ci kuɗin. Sauya wa abu suna ba ya sauya hukuncinsa.

Maganar abokinka ita ce ta fi damuna, don na sha jin ta a bakin matasanmu na Turai. Tushenta wani ra'ayi ne da aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa, cewa Musulmin da ya shiga ƙasar da ake yaƙi da ita zai iya karɓar dukiyar mutanenta ta cinikin da bai halatta ba a ƙasar Musulunci. Imam Malik da Shafi'i da Ahmad ba su yarda ba, Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, shi ma ya saɓa masa, hadisin da aka dogara da shi kuwa mursali ne daga Makhul, wato tabi'i ne ya jingina shi ga Annabi (SAW) ba tare da ambaton sahabi ba. To mu ƙaddara ra'ayin ya inganta. Su kansu Hanafawa sharaɗi suka gindaya: da yardar mai dukiyar, ba tare da yaudara ba. Ina yardar hukuma a takardar da aka shirya musamman don a rufe mata ido? Sannan kai ba da yaƙi ka shiga Jamus ba. Biza ka nema, ka sa hannu, aka ba ka takardar zama, wannan shi ne amanar da malaman fiƙihu suke cewa wanda ya shiga da ita bai halatta ya ha'inci mutanen ƙasa ba.

Dubi Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun tare su a hanya, suka sa su alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, ana buƙatar kowane takobi. Annabi (SAW) ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. In an cika alkawari ga masu zare takobi a ranar Badar, da wane dalili za a warware shi ga mutanen da suka ba ka masauki, saboda salansa?

Gyaran kansa ma akwai magana. Sashe na 19 na dokarsu ta amincewa da ababen hawa yana soke izinin mota in an yi mata canjin da zai jefa mutane cikin haɗari, ko ya ƙara hayaƙi ko rurin mota. Wannan bai ci karo da Shari'a ba, kore cuta ne. Matatar da ka cire, baƙin hayaƙin da take tarewa yanzu huhun yaron da ke tsaye a bakin titi yake shiga. Tsohuwar da rurin motarka ke tayarwa da ƙarfe ɗayan dare maƙwabciyarka ce, tana da haƙƙi ko da ba ta salla. In ka ƙara wa inji ƙarfi birki bai ƙaru ba, ka take rai, diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere suna wuyanka, lambar Bulgeriya ba za ta ɗauke maka ba. Kamfanin inshora ma yana iya biyan wanda aka cuta, ya juyo kanka ya nemi wani kaso na kuɗinsa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Motar da ka saya da guminka za ta koma mallakin kamfanin da takardunsa ke hannun dillali. Ranar da kuka ɓata, wa za ka kai wa ƙara? Laifin kauce wa haraji kuma yana iya taɓa takardar zamanka da neman zama ɗan ƙasa, ga iyaye a gida suna jiran abin da kake aikowa. Ka mayar da matatar da salansar asali. Sauran kayan, ka sa waɗanda ke da takardar amincewa, ka kai wa TÜV ko takwaransu DEKRA su duba a shigar cikin takardun motar. In son gudu ne, ga filin tseren motoci na Nürburgring, ana biyan kuɗi a shiga. Ka kuma karanta wa abokin naka wannan amsa cikin lumana. Wallahu a'alam.