Amsoshin Tambayoyinku: Ƙalubale, Wuya da Tafiya

Wani dattijo daga unguwar Kakuri a Kaduna, wanda ya yi shekaru yana aikin masaƙa har ranar da aka rufe ƙofa, ya ce jikansa ya gaya masa cewa abin da ya same shi "ƙalubale" ne, shi kuwa kalmar ba ta kwanta masa ba. Yana tambaya ko shi ne bai iya Hausa ba.

Baba, Hausarka lafiya lau take, kunnenka ne ya ƙi abin da ya kamata a ƙi. Ƙalubale a asali kira ne zuwa gwada ƙarfi, irin wanda ɗan dambe ko ɗan kokawa yake yi idan ya shiga fage ya nuna abokin karawarsa, kuma daga nan muka sami ƙalubalanta. Dole ne a sami mai kira da wanda aka kira, kuma wanda aka kira yana da zaɓin amsawa ko ja da baya. To, wa ya tambayi ma'aikacin masaƙa ko yana so a rufe ta? Tun 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, gidaje da yawa suka rayu da ita, kuma da injuna suka yi shiru, abin da mutane suka shiga sunansa tsanani, ko ƙunci, ko kuwa jarrabawa idan mai magana yana duban abin ta fuskar ƙaddara. Masu fassarar labarai ne suka mayar da kalmar gwanjo, har ta kai yau rashin ruwan famfo ƙalubale ne, zazzaɓi ƙalubale ne, bashi ma ƙalubale ne. Na taɓa jin wani a wajen ta'aziyya a Tudun Wada yana cewa mamacin "ya fuskanci ƙalubalen rashin lafiya", alhali "ya sha jinya" ta wadatar, ta kuma fi tausayi. Ban hana kalma faɗaɗa ba, amma idan guda ta cinye biyar, asara aka yi.

Wata malama daga Unguwar Rimi tana tambaya ko "wuya makarantar kare" zagi ne. Ba zagi ba ne, sai dai ba a faɗa wa babba ita. Nufinta shi ne akwai wanda nasiha ba ta shigarsa sai ya ji a jikinsa. Malama, ki lura da cewa wannan wuyar mace ce, shi ya sa muke cewa "wuyar aiki ba a fara ba", amma wuyan da ke ɗauke da kai namiji ne, sautinsu kuma ya bambanta.

Wani ɗalibi daga Kawo ya ce a cike masa "mai haƙuri yakan dafa dutse". Har ya sha romonsa.

Tambaya ta ƙarshe daga Rigasa take: idan "tafiya mabuɗin ilimi" ce, ko mai hawa jirgin ƙasa zuwa Abuja kowane mako ya fi kowa sani? Ɗana, waɗanda suka yi wannan magana fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ne da almajirai da 'yan cirani, masu yin watanni a hanya, suna kwana a zango, suna cin tuwon da ba na gidansu ba, suna koyon gaisuwa da bakin wasu. Kuma mabuɗi suka ce, ba ɗaki ba. Kai da kake barci tun daga Rigasa har tashar Idu ta Abuja, mabuɗin yana nan cikin aljihunka.