Hutun Kwana Uku a Abinyon Cikin Watan Yuli

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Marsey da ke kudancin Faransa a watan Yuli, kuma ina son in ƙara kwana uku a Abinyon tare da maiɗakina. Ba ma shan giya, ba ma zuwa gidan rawa. Shin akwai abin da zai nishaɗantar da mu a garin, musamman da dare? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dace da wata, domin a Yuli ne ake bikin wasan kwaikwayo na Abinyon, garin da Faransawa ke rubutawa Avignon, kuma a makonnin nan uku hirar dare takan koma kan tituna da dandali, inda mai shan shayi ko ruwan lemo ba ya jin an bar shi a baya.

Jean Vilar, wani darektan wasan kwaikwayo na Faransa, shi ne ya kafa bikin a 1947. Babban dandalinsa shi ne farfajiyar Fadar Fafaroma, ginin dutse na ƙarni na 14, zamanin da shugabannin cocin Katolika suka bar Rum suka zauna a garin daga 1309 zuwa 1377. Farfajiyar tana ɗaukar mutum kusan 2,000, ba ta da rufi, kuma ba a fara wasa sai duhu ya shiga, wajen ƙarfe goma. Tikitinta yakan ƙare tun da wuri. A ganina ma ba can ne daɗin yake ba ga baƙon kwana uku. Akwai biki na biyu da ake kira Off, wanda ƙananan ƙungiyoyi ke gabatar da wasanni fiye da dubu a ɗakunan makarantu da tsofaffin majami'u da kowane lungu da za a iya jera kujeru. 'Yan wasan da kansu suke fitowa titi cikin kayan wasa suna tallar abinsu, har bango da turakun fitilu su ɓace a ƙarƙashin takardun sanarwa. Tunda daga Nijar kake, Faransanci ba zai ba ka wahala ba, sai dai ka riƙa tambayar abin da wasa ya ƙunsa kafin ka yanki tikiti, saboda wasu suna da tsiraici ko kalaman da ba za ka so ji tare da iyali ba.

Zafin garin ba wasa ba ne, yakan haura digiri 30, don haka ka raba yininka yadda aka saba a gida. Da safe ku leƙa kasuwar Les Halles da ke dandalin Pie, wadda ke ci har zuwa azahar amma ba ta buɗewa ranar Litinin. Akwai zaitun da cuku da kankana. Daga nan ku hau lambun Rocher des Doms, inda ake hango kogin Ron da tsohuwar gadar Saint-Bénézet, wadda ambaliya ta cinye har saura baka huɗu kacal, ta tsaya a tsakiyar ruwa. A ƙasan dutsen akwai ƙaramin jirgin fito da ke tsallakar da mutane kyauta zuwa tsibirin Barthelasse, wurin gonaki da inuwa da hanyar keke. Da rana tsaka a koma masauki a huta.

Ku ware yini ɗaya domin Pont du Gard, gadar ruwa mai hawa uku da Rumawa suka gina kusan shekara 2,000 da suka wuce, tafiyar kimanin kilomita 25. Ana hayar kwale-kwale a ƙauyen Collias a gangaro kogin Gardon har a bi ta ƙarƙashinta.

Da yamma na fi son titin Teinturiers a kan dandalin Horloge, wanda cunkoso da tsada suka yi masa yawa. Titin marina ne a da, yana bin ƙaramin rafi, da tsofaffin ƙafafun injin da ruwa ke juyawa da manyan itatuwa, mutane suna zaune a waje har tsakar dare. Ana sayar da giya a yawancin wuraren cin abinci, amma ba mai tilasta maka. Gidajen abincin 'yan Maroko da Aljeriya ba su da wuyar samu, kuma a nan za ka fi samun naman halal. Ka lura rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, wato magariba takan zo dab da fara wasannin dare.

Masauki shi ne babbar matsala, domin otal-otal na cikin ganuwa sukan cika watanni kafin bikin, farashi kuma ya hau. Idan ka rasa, nemi ɗaki a Villeneuve-lès-Avignon da ke tsallaken kogi, motar safa tana shigowa gari cikin 'yan mintuna. Ka kuma riƙo riga mai ɗan kauri, saboda idan iskar arewa da ake kira mistral ta taso, zaman farfajiya da tsakar dare yakan yi sanyi ko a Yuli.