Filin Tambaya da Amsa: Yaya aka yi sojojin ruwan Ingila suka samu kwamandoji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah sojojin nan na Ingila masu koren hula da ake ce wa Royal Marines Commando, tun asali haka suke ko yaƙi ne ya kawo su? Ni dai na ɗauka tun kafuwarsu kwamandoji ne. Daga mai bin wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a'a gaskiya yaƙin duniya na biyu ne ya haife su. Ita rundunar Royal Marines tsohuwa ce, tun 1664 ake da ita, aikin kwamando ne ya zo daga baya.

A Yunin 1940 bayan Jamusawa sun fatattaki sojojin Ingila daga Faransa har sai da aka kwashe su ta Dunkirk, sai Firaministan Ingila Churchill ya ce shi fa ba zai naɗe hannu ba, a samo masa ƙananan rundunoni da za su riƙa lallaɓawa ta ruwa su kai farmaki bakin gaɓa su fice tun abokan gaba ba su farga ba. To sojojin ƙasa ne suka fara wannan aiki, su na ruwan sai a Fabrairun 1942 aka haɗa musu tasu a garin Deal da ke Kent, kuma duk 'yan sa kai ne, ita ce ta koma 40 Commando.

Horon kwamandoji kuwa a lokacin yaƙin a Achnacarry ta Sikotilan ake yi, mutum zai sauka jirgin ƙasa a Spean Bridge da kayansa a baya ya taka da ƙafa har sansani, yana isa ya tarar da kaburburan ƙarya a jere kowanne an rubuta sakacin da wai ya kashe mai shi, kuma da harsashi na gaske ake atisaye, wanda ya gaza a mayar da shi inda ya fito ba hula ba komai.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne fitar kwamandojin ruwan ta farko, harin Dieppe ta Faransa ranar 19 ga Agusta 1942. An tura su bakin gaɓar da Jamusawa ke ta ruwan wuta, kwamandansu Picton-Phillipps da ya ga halaka ce kawai a gaba sai ya sa farar safar hannu ya miƙe tsaye a cikin jirginsa yana yi wa na baya alama su juya, nan take aka harbe shi, amma mutanensa da dama sun tsira saboda wannan tsayuwar. Wallahi irin wannan shugaba ba kullum ake samunsa ba.

Duk da wannan asara ba a fasa ba, zuwa 1944 rundunonin kwamandojin ruwan sun kai tara, daga 40 Commando har 48 Commando. Da aka gama yaƙi aka rushe na sojojin ƙasa a 1946, aka bar wa na ruwa aikin, shi ya sa yau su kake gani da koren hular.