Kun Tambaya, Mun Amsa: Kayan Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

Ɗana zai zauna jarrabawar WAEC, ya ce in saya masa kayan awon kauri guda biyu, kalifa da maikuromita. Kuɗina ba su kai na biyun ba. Wanne zan fara saya? (Wata uwa daga Katsina)

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya ba yaro sa'a. Ranar jarrabawar gwaji makaranta ce ke ajiye kayan aiki, abin da ake so a wurinsa ya iya karanta su. In ya zama dole, ki sayi kalifa ta ƙarfe, tana auna har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Maikuromita ta fi ta ƙwaƙƙwafi, tana kai milimita 0.01, ita ake sa wa siririyar waya ko silin gashi, sai ya ara a makaranta. Kafin ki biya, ki sa a rufe bakin kalifar a gabanki. In sifili bai hau kan sifili ba, ko haske na ɓullowa tsakanin haƙoran, ki ajiye musu abinsu.

Na ga tallan madubin da ake jonawa da waya, wai yana ƙara girman abu sau 1600. Zan ga molekul ɗin ruwa, wato ƙwayar ruwa mafi ƙanƙanta, da shi? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Ba za ka gani ba, ɗana, ko da ka sayar da gonar gado. Tun 1873 masanin kimiyya Bajamushe Ernst Abbe ya nuna cewa madubin da ke aiki da haske yana da iyaka, ba ya rarrabe abin da bai kai wajen nanomita 200 ba. Molekul ɗin ruwa kuwa bai wuce nanomita 0.3 ba, nanomita guda kuma kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Ina aka haɗu?

Wannan rubutun "sau 1600" na jikin kwali shi ke ƙona min rai. Na taɓa karɓar irin wannan madubin a hannun wani yaro na ɗora fatar albasa. Da na murɗa shi zuwa ƙarshe, hoton ya cika fuskar wayar, amma dishi-dishi kamar an shafa masa man kaɗe. Kumbura hoto daban, rarrabe abin da ke ciki daban. Yara su tara kuɗin tara na wata da watanni, su kai wa wanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, kaya su zo babu damar mayarwa! Duba saƙar atamfa ko ƙafar kiyashi zai yi maka, in wannan kake so. In ba haka ba, riƙe kuɗinka.

Makarantarmu ba ta da kayan gwaji. Yaya zan nuna wa yara girman molekul? (Malamin kimiyya daga Maraɗi)

Malam, faranti mai faɗi, ruwa, hoda da man zaitun sun ishe ka. Wanke farantin tas, don maiƙo kaɗan zai ɓata aikin. Zuba ruwa a ciki, ka barbaɗa hoda sama-sama, ka ɗiga mai da bakin siririyar waya. Ɗigo mai faɗin rabin milimita zai baje ya kai wajen santimita 20. Raba yawan man da faɗin filin da ya rufe, kaurin zai fito kusan nanomita 2, wato tsayin molekul ɗin mai guda. Masanin kimiyya Lord Rayleigh na Ingila da man zaitun ya yi nasa awon a 1890.