Ƙaranbau ba ya tafiya, kwanciya yake yi

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce yaron ya kwana biyu da zazzaɓi, yau ƙuraje sun feso masa a ƙirji da baya, manya kuma sun ce kada ruwa ya taɓa shi, a haɗa shi da ƙannensa su ma su ɗauka a huta gaba ɗaya. Kina tambaya ko haka aka gada.

Haka muka taso muka gani, ba zan ɓoye miki ba. Ni kaina shimfiɗa ɗaya aka yi mana da yayata don in kwasa. Kuma suna da hujjarsu, domin ƙaranbau ya fi sauƙi a jikin yaro, babba kuwa yana iya kai shi ga ciwon huhu.

Ki fara duba ƙurajen. In kin ga jajayen ɗigo, ga masu ruwa kamar raɓa, ga waɗanda suka fara ɓawo, duk a lokaci guda, to ƙaranbau ne. Ita kuwa ƙyanda da tari da mura da jan ido take zuwa, ƙurajenta ba sa yin ruwa.

Maganar wanka, ki yi masa. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da dirza, ki dinga ɗan danna tawul har ya bushe. Dattin farce ne ke shiga ƙurji ya sa shi mugunya, shi ke barin tabo. Ki yanke masa farce, ki shafa masa kalamin, wato maganin shafawa na rage ƙaiƙayi, ki ba shi farasitamol in jikin ya yi zafi. Asfirin kuwa ko kusa, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaro mai ƙaranbau. Ibufurofen ma ki ajiye shi.

Haɗa yara shi ne abin da ba zan yarda ba, ga dalilina. Na haura sittin lokacin da haƙarƙarina na hagu ya fara raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Kwana uku babu komai a fata, ina ta cewa kwanciya ce ban yi daidai ba. Sai ƙuraje suka jeru daga baya zuwa gaba kamar ɗamara, suka tsaya cak a tsakiyar ƙirji, ba su tsallaka dama ba. Likita na ɗaga rigata ya ce zosta ne. Wai ƙwayar ƙaranbau ɗin da na kwasa ina yarinya ce ta laɓe a tushen jijiya kusa da lakar baya, shekara fiye da hamsin, sai da jiki ya yi rauni ta biyo jijiya ɗaya ta fito. Maganinsa asaikulobir, amma ya fi aiki in an fara sha cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Ni a rana ta biyar na je. Ƙurajen sun bushe, raɗaɗin ya zauna watanni, ko riga ba na son ta taɓa wurin. In ya fito a goshi ko kan hanci, ranar ake ganin likita, don ido yake nema.

Iyayenmu ba su da zaɓi. Ke kina da shi: tun 1974 wani likita a Japan, Michiaki Takahashi, ya samar da rigakafin ƙaranbau, har na zosta akwai yanzu don waɗanda suka kai 50.

Wataƙila ƙannen sun riga sun shaƙa, tunda yana yaɗuwa kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje su fito, har sai duk sun yi ɓawo. Ki sa musu ido daga kwana 10 zuwa 21. Mai ciki da ba ta taɓa yi ba, da jariri, da mai raunin garkuwar jiki, kada su shigo ɗakin. In numfashinsa ya yi nauyi, ko barci ya yi yawa, ko gefen ƙurji ya kumbura ya yi ja, ku tafi asibiti ko da dare ne.

Ki ce masa Goggo na gaishe shi, kuma kada ya sosa na fuska.